Kyandirin da Boram Ta Ce In Kawo

Ranar Talata da hantsi, hannuna dumu-dumu ina yanka hongeo, kifin nan mai tsananin wari da muke tsumawa a tulu, a shagona na kasuwar Mokpo, wayata ta hau kuka a aljihu. Da bayan yatsa na danna ta, na maƙale ta da kafaɗa. Boram ce, 'yata ɗaya tilo, wadda sai ta ga dama take kira, kuma ba ta cika ganin damar ba.

"Umma, na tare a sabon gidan. Ki zo ranar Asabar."

"Asabar ɗin nan? Ke, sai yanzu kike faɗa min? Me zan kawo miki? Akwai kimchin kabeji mai yaji na bara, akwai..."

"Don Allah kar ki ɗauko min kasuwar Mokpo a ka. Hyang..." sai ƙarar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta cika min kunne, "...cho kawai. Ga jirgina ya zo." Ƙit, ta kashe.

Na tsaya riƙe da wuƙa kamar an dasa ni. Shekarata sittin da biyu, abin da na sani shi ne hyang turaren tsinke ne, cho kuma farin kyandir dogo, kuma wuri ɗaya ake haɗa su biyun: teburin tunawa da mamaci. Na goge hannu na nufi kalandar da ke bangon shago, na ƙura wa ƙananan lambobin lissafin wata ido. Asabar, sha huɗu ga watan tara. Ranar da Baban Boram ya rasu ce. Na zauna a kan akwatin ƙanƙara.

Shekara biyar ke nan da rasuwarsa, Boram ba ta taɓa zuwa ranarsa ba ko sau ɗaya. Tun da ta ajiye aikin koyarwa ta ce ita zane za ta yi, shi kuma ya kwashi littattafan zanenta ya je ya watsa su a teku, ba su sake haɗa ido ba. Mutum ne mai taurin kai, ita ma kansa ta ɗauko, ni ce na sha wuya a tsakiya. Ta zo jana'iza a rana ta uku, ranar binnewa, ta tsaya a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya, ta juya. Duk shekara ni kaɗai nake jera masa tebur, ni kaɗai nake zuba masa giya, ina jin kunyar idonsa a hoto. Ba abin da nake so a duniya kamar in ga yarinyar nan ta gaishe da ubanta kafin in bi shi.

Maman Gitae, mai busasshen kifi a shagon da ke manne da nawa, ta leƙo.

"Yaya, lafiya? Kin yi fari fat kamar cikin kifinki."

Na faɗa mata. Matar nan ta kwashe da dariya har tana dukan cinya.

"Wayyo cikina! Yaya, kin tsufa, ki yarda kawai. Hyangcho ta ce miki, kalma ɗaya. Kyandir mai ƙamshi, irin na cikin kofin gilashi. Shi yaran yanzu suke kai wa juna in an tare. Matar Gitae ɗina tana da guda bakwai, har a banɗaki."

"Ta tsaya a tsakani. Hyang, sannan cho."

"Jirgi ne ya wuce, ke da bakinki kika faɗa."

"To ranar fa? Me ya sa sai Asabar ɗin nan?"

"Saboda ranar ce ba ta aiki mana! Wane yaro ne a Seoul ya san lissafin wata? Ranar haihuwata ma sai waya ta tuna wa Gitae. Kuma da can ba kyandir da ashana muke kai wa wanda ya tare ba, don arziki ya ruru kamar wuta? Shi ne dai, an zuba masa turare an canja masa riga."

Maganarta ta shiga kunnena, amma ta ƙi zama.

"In kina tantama kira ta ki tambaye ta," in ji ta.

"Ke kin fi kowa sani."

Karo na ƙarshe da na ambaci sunan ubanta a waya, wata goma sha uku ban ji muryarta ba. Ba zan sake taka wurin nan ba. Na ce to sai in tafi da duka biyun, in na isa in ga yadda garin yake.

"Tabɗi! Ki kwashi kayan matattu ki shiga da su sabon gidan yarinya? Gaban abokanta? In ta buɗe jakarki ta gani fa? Yaya, wannan karon ba wata goma sha uku za ki yi ba."

Na koma kan kifina na ci gaba da yanka.

Washegari na yi wanka sau biyu, na sa rigar zuwa biki, na hau tudun tsohon gari inda Maman Gitae ta kwatanta min. Shagon ɗan ƙarami ne, fari tas kamar ɗakin asibiti, kofuna a jere har sama. Mai shi matashiya ce, Yesol aka rubuta a ƙirjin rigarta. Ina shiga na ga hancinta ya motsa. Ta yi maza ta rufe da murmushi, amma na gani. Shekara talatin da biyar ina kwana ina tashi cikin hongeo, ba sabulun da ya isa.

"Sannu da zuwa, Mama. Wane irin ƙamshi kike so?"

"Mai kyau."

"Duk masu kyau ne. Na fure, na katako, ko na 'ya'yan itace?"

Ta buɗe wani ta miƙo min murfin. Na karɓa, na tsaya jiran kofin.

"A murfin ake sunsuna, Mama. In kika cusa hanci cikin kofin turaren ne zai buge ki, ba za ki ji gaskiyarsa ba."

Na sunsuna. Ba komai. Ta ba ni na biyu, ta ba ni na uku, kamar ina sunsunar bango.

"Wannan sunansa Ruwan Sama a Jeju. Wannan Laburare da Yamma. Wannan kuma Safiyar Lahadi."

"Lahadi tana da ƙamshi ne? Da me ta fi Litinin?"

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Na ajiye murfin na ce, "'Yar nan, bari in gaya miki gaskiya. Hancina ya mutu tun kafin a yaye ki. Iskar gas ma in ta zuba a gidana, sai maƙwabta sun buga min ƙofa."

Sai ta ce to me zai hana in ɗauki wanda aka fi saya.

"Wanda aka fi saya a kasuwarmu ban taɓa kai shi gidana ba. Na 'yata ne wannan. Kifi ba da hanci kaɗai ake zaɓensa ba, akwai ido, akwai yatsa. Nuna min inda ido zai duba."

Sai na ga yarinyar ta farfaɗo. Ta sunkuya ƙarƙashin kantar shagon ta fito da wasu kofuna da take nuna wa masu koyon aiki, ta cakuɗa su da nata, ta jera min guda shida. Ta ce in zaɓa. Ban ɓata lokaci ba, na nuna wani mai sheƙi, sumul kamar tangaran.

"Kin faɗa rami, Mama. Wannan kakin fetur ne, kuma mara kyau." Ta ɗauko ɗan'uwansa da aka taɓa kunnawa. Bakin kofin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. "Haka zai yi wa bangon 'yarki."

Na ture shi gefe. Na ɗaga wani da wani fari-fari ya bi jikinsa ta cikin gilashi, na ce, "Wannan kam ki zubar, ya yi fumfuna."

"Ba fumfuna ba ce. Haka kakin waken soya na gaske yake yi in ya sha sanyi. Wannan shi ne na kirkin."

"Tsaya, tsaya. Wato mai kyan gani shi ne mugun, mai kama da ruɓaɓɓe shi ne na kirki? Wace irin sana'a ce wannan?"

Ta dube ni ta ƙasan ido. "Mama, ke me kike sayarwa?"

"Hongeo."

Muka dubi juna. Ita ta fara fashewa da dariya, ni ma na biye mata. Yarinya ba kunya, amma ta burge ni.

Na ɗauka daga nan hanya ta miƙe. Ina! Ta nuna min wani da ɗigon mai ya fito a samansa kamar gumi, ta ce turare ne ya yi masa yawa, ko an zuba shi kakin bai kai zafin da zai riƙe shi ba. Na ce to, na gane, mai gumi ba kyau. Sai ta ce amma da bazara ko mai kyau yakan ɗan yi gumi. Na ce to yaya zan bambance? Ta ce wani yana da ƙamshi a sanyi, in an kunna shi ba ka jin komai, wani kuma sai ya ji wuta yake buɗewa, don haka ba a sanin gaskiyar kyandir sai an kunna.

"To kunna min wannan in gani."

"Ba a kunna na sayarwa, Mama."

Kai! Na ji kamar in ɗauki jakata in tafi. Ni da ake zuwa tun daga birnin Gwangju a ce in duba kifi in faɗi kwana nawa ya yi a tulu, yau ga ni tsaye gaban kofi shida kamar ɗaliba dakikiya.

A wajen lagwani ne na samu kaina. Ta ce lagwani siriri cikin kofi mai faɗi rijiya yake haƙawa a tsakiya, ya bar kaki jibge a gefe, mai kauri kuma harshen wutarsa ya yi tsayi ya yi ta hayaƙi. Kuma dole ya tsaya a tsakiya cak. Wannan kam aikin ido ne. Na sa tabarau na bi kantar kofi-kofi, ina ɗagawa ina juyawa a haske.

"Wannan naki ne?"

"Nawa ne."

"Lagwaninsa ya karkace."

Ta karɓa ta duba, kunnuwanta suka yi ja, ta kai shi bayan kantar shagon. Na ji daɗi har cikin raina, ba zan ɓoye ba.

Ina cikin juya wani ina karanta takardar gwajin da ta ce in riƙa dubawa a gindinsa, sai maganar ta suɓuce min.

"'Yar nan, in kin ce wa mahaifiyarki ta kawo miki hyangcho, me kike nufi?"

Ta waiga ta dubi kantocinta. "Wannan mana, Mama."

"Ko da kin ja numfashi a tsakani?"

"Ban gane ba."

"Ni ma ban gane ba," na ce.

Sai da na yi fiye da sa'a kafin na tsayar da ɗaya. Kofi mai kauri ruwan ƙasa, kakin soya, samansa a bushe, lagwanin auduga a miƙe kamar soja. Na miƙa mata murfin na ce ta ara min hancinta. Ta lumshe ido ta ce ɓawon lemo ne, da ɗan ƙamshin katako sabon fiƙe, ba ya hawa kai. Ashe Safiyar Lahadin ce na zaɓo. Ta naɗe shi a kwali, ta ɗaure da zare.

A hanyar dawowa na bi ta gaban tsohon shagon kayan ibada da Baban Boram yake sayen turare tun ana yi wa iyayensa tebur. Na shiga na sayi ƙunshin turare da fararen kyandir biyu, kamar kowace shekara. Na ce wa kaina na gida ne. Amma kwana biyun nan ba irin wasan da ban yi da su ba. In saka su a jakar tafiya, in zuge, in je in dawo in cire. In naɗe su cikin tawul in cusa a ƙasa, in tuna fuskar Boram in ta fusata, in sake zarowa. Ranar Juma'a har na ɗauki waya na danna sunanta, na kashe kafin ta shiga.

Asabar da sassafe na yanke shawara. Na jera masa ɗan tebur a gida, shinkafa da miya da kifi ɗaya, na kunna fararen kyandir ɗin, na cinna turare.

"Baban Boram, ka yi haƙuri, bana karin kumallo za ka ci, ba na dare da ka saba ba. 'Yarka ta kira ni. Ba don kai ba ne, na dai gaya maka tun yanzu kar ka sa rai."

Na jira turaren ya cinye, na hure kyandir, na bar komai a nan na kulle ƙofa.

Cikin jirgin ƙasa kwalin yana kan cinyata, na riƙe shi da hannu biyu har Seoul. Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko tokar gawar wani nawa ce a ciki. Na harare ta, ta kama kanta.

Gidan yana hawa na goma sha ɗaya. Tun a lif nake shirya fuskar gaishe da baƙi, ina jan rigata ina sunsunawa, kamar sunsunar za ta amfana min wani abu. Boram ta buɗe ƙofa. Ta rame, ta ɗaure gashi sama, gari a kumatunta, filasta a yatsa biyu. Na dubi ƙasa inda ya kamata in ga takalma jibge. Ƙafa ɗaya ce, tata. Hayaƙin suya kuwa ya cika falon, ba sai da hanci ba.

"Ina baƙin?"

"Waɗanne baƙi?"

Bakina ya riga ni. Na miƙa mata kwalin ina zuba kamar rediyo. "Ga shi. Na waken soya ne, in kin ga fari-fari a jikinsa kar ki ce fumfuna ce. Ki dubi lagwanin, ni na zaɓa da kaina, duk shagon ba mai miƙewarsa. A murfi ake sunsuna."

Ta warware zaren, ta ciro kofin, ta juya shi.

"Umma, mene ne wannan?"

"Hyangcho. Ba shi kika ce ba?"

Ta kama hannun rigata, ta ja ni zuwa ƙaramin ɗaki, ta tura ƙofar.

Tebur ne gajere, an shimfiɗa masa farar takarda. Tuffa uku an yanke kawunansu, wainar ƙwai duk gefenta ya ƙone, miya, shinkafa a tulle, soyayyen kifi an juya kansa inda bai kamata ba. Ga hotonsa a jingine. Ga mazaunin kyandir biyu na tagulla, sababbi fil ko takardar shago ba a ɓare ba, ba komai a kansu. Ga ɗan kwano cike da ɗanyar shinkafa yana jiran a soka turare.

Ashe daidai na ji. Tun ranar Talata daidai na ji. Wani abu ya taso min, ban san ko kuka ne ko faɗa ba, sai faɗan ya riga fitowa.

"Ke ba ki da baki ne? 'Umma, zan yi wa Baba tebur,' kalma nawa ce? Kwana huɗu kin hana ni sukuni! Na je na tsaya gaban yarinya ƙarama tana koya min gumi da fumfuna!"

"Na kasa faɗa ne, Umma! Na buɗe baki ya ƙi fitowa. Na ɗauka in na ce turare da kyandir za ki gane. Irin wanda kike saya masa nake so, ni ban san wanne yake so ba."

"Suna gida! Na ƙone su da safe! Na riga na ciyar da shi, har na ce masa kar ya sa rai!"

Ta rufe baki da hannu. "To yanzu ya ƙoshi ke nan? Ba zai zo ba?"

"Ubanki ya taɓa ƙoshi?"

Dariya ta kufce mata, hawaye na biye. Ta share da bayan hannu, ta ce bari ta sauka babban shago ta sayo ko wane iri ne, minti goma. Har ta kai hannu kan rigar sanyi. Na damƙe ta. Shekara biyar yarinyar nan ta yi kafin ta iso ɗakin nan, tsoro nake ji in ta fita ta sha iska ta dawo da wata zuciyar.

"Zauna. Ba inda za ki."

Na karɓi kofin daga hannunta. Na janye mazaunin tagullar gefe, na juya kan kifin ya kalli gabas, na ajiye kofin a gaban hoton. Na aike ta ta ɗan buɗe ƙofar waje don ubanta ya samu hanyar shigowa. Da ta dawo na miƙa mata ashana. Sai a tsinke na uku ya kama. Harshen wutar ya tashi ɗan daidai, ya tsaya cak, ba hayaƙi ko kaɗan.

Ta sunkuya ta karanta rubutun jikin kofin. "Safiyar Lahadi. Umma, Baba zai ɗauka gidan shan kofi ya shigo."

"Ya sha mana. Wa ya hana shi?"

Na riƙe mata kwalba ta zuba masa giya, ta zubar da rabi a kan takardar. Ta miƙe tsaye, ta gyara riga, ta haɗa hannuwa, sai ta tsaya kamar wadda ta manta hanya.

"Umma," ta ce a hankali, ba ta dube ni ba, "sau nawa ake yi?"

"Biyu."

Ta durƙusa ta kai goshi kan hannuwanta, ta miƙe. Ta sake durƙusawa. Wannan karon ba ta miƙe ba. Na ji muryarta a ƙasa, cikin tafukanta.

"Baba, ni ce."

Kafaɗunta suka fara girgiza. Na zauna a bayanta, ban ɗaga ta ba.